Sabis ɗin Ɗakin Inna Yelwa

Duk baƙon da ya shigo Zoza ta hanyar Rogo ya hango doguwar gora a tsaye a bayan gidanmu, da 'yar jaka tana lilo a samanta, sai ya tambaya ko laya ce. Ba laya ba ce. Wayata ce a ciki, ni na ɗaure ta da hannuna. Na gaji da amsa wa mutane ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa yau zan faɗi labarin gaba ɗaya in huta.

Sunana Sa'adiya, 'yar Yola ce ni ta ƙasar Karaye, aure ya kawo ni Zoza. Mijina sunansa Awaisu. Na faɗa sau ɗaya don ku san shi, kada wanda ya sake sa ni, daga nan Baban Hani ne. A lokacin da abin ya faru yana Saudiyya, yana kiwon tumakin wani Balarabe a kan yarjejeniyar da ba ta barinsa ya leƙo gida sai ta ƙare. Ya bar ni da 'yarmu Ummu Hani, da mahaifiyarsa, Inna Yelwa.

Inna Bafillatana ce siririya, marar yawan magana, wadda ta fi sakin jiki da shanunta a kan mutane. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, kowa ya sani. Amma mun zauna lafiya. 'Yar Karaye take ce mini, in na cika surutu ta ce, "'Yar Karaye, ki bar wa gobe saura."

To, Baban Hani shi ne ɗan farinta, in kuwa kun san Fulani kun san sauran. Ana yaye shi aka miƙa wa Goggo Turai, yayar babansa, ita ta raine shi har Allah ya yi mata rasuwa. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta kallon fuskarsa. In ya durƙusa a bakin ƙofarta zai gaishe ta, sai ta juya ta fuskanci bango, ta amsa wa bangon. In tana so a ba shi fura, ni za ta tambaya, "Wancan mutumin naku ya sa wani abu a cikinsa kuwa?" Shi ma gogan haka yake. Adda yake ce mata, yadda ya ji ƙannenta suna faɗa. Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, ban ce ba ma yi ba, amma ta Inna ta wuce kunya ta zama aikin yi. Ranar da zai tafi, duk unguwa ta fito rakiya, ita kuwa ta ɗauki ƙwarya ta nufi wajen shanu wai za ta duba maraƙi.

Da damina ta tsaya na lura Inna tana laluben bakin ƙofa kafin ta fita. Wata rana ta yi tuntuɓe da turmi, turmin da ya shekara a wuri ɗaya. Na matsa mata, da kyar da lallashi, muka je asibitin ido a Kano. Likita ya haska, ya sake haskawa, sannan ya kira ni gefe. Ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura kaɗan, yanzu kamar mai leƙe ta hudar zana take gani. Maganin ɗigawa zai ja lokaci, amma ba zai dawo da komai ba, kuma shi a ganinsa da wuya ya kai azumi.

Baban Hani kuwa sai bayan babbar salla zai dawo.

A mota muna dawowa na yi ta kallonta ta gefen ido. Tana zaune ta naɗe hannuwa, kamar kasuwa muka je. Raina ya ɓaci, tausayi ya kama ni, duk a lokaci guda. Matar nan ta haifi ɗa, ta ƙi kallonsa tun yana goye, tana ganin akwai sauran lokaci. Ga shi lokacin ya zo ƙarewa, shi kuma yana bayan teku. A zuciyata na ce wallahi sai ta ga fuskarsa kafin idon ya rufe, ko tana so ko ba ta so.

Na kira shi na gaya masa. Sai na ji yana jan hanci.

Na ce, "Kuka ba zai yi ba, Baban Hani. Wayata kyamararta ta mutu, gilashinta kuma duk tsaga ne, ko ni mai ido biyu da kyar nake gani. Ka nemo babba ka aiko."

Ya aiko ta hannun wani Alhaji ɗan Ruwan Bago da ya dawo daga umara. Babba ce kuwa, faɗinta kamar murfin samira. Na juya ta gaba da baya ina neman inda ake sa layi, babu. Na ce to, ga irinta nan, namiji in ka aike shi.

Yayana Ikrima yana da shagon waya a Karaye, kusa da tasha, sai na shirya zuwa wurinsa. Ban gaya wa Inna dalilin tafiyar ba, na dai ce zan leƙa gida. Da safe ina ɗaura wa Hani ɗankwali sai ga ta ta fito tana lalube, riƙe da ƙwarya cike da man shanu, an rufe da faifai.

Ta ce, "Ungo, ki sayar a can. An ce abin nan da aka aiko kuɗi yake ci."

Na ce, "Wa ya gaya muku, Inna?"

"Kunnena bai je asibiti ba. Saboda yarinyar nan ne, ta riƙa gaida ubanta. Kada ta manta shi."

Na ce to. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Wai saboda yarinya!

Yaya Ikrima yana ganin babbar wayar ya fashe da dariya. Ya ce, "Sa'a, mijinki ya aiko miki da tire ne na raba goro?"

Na ce, "Yaya, ban zo wasa ba. Ka sa mata layi."

"Wannan ba ta cin layi. Sai dai ta sha a jikin wata. Kawo taki mai tabon nan."

Ya nuna mini dalla-dalla. Ƙaramar wayata ita ke da layi, don haka ita za a saya wa data. In na shiga wajen saiti na kunna abin da ake kira hosfot, sai ta zama kamar uwa, babbar kuma ta kama ta ta waifai ta riƙa sha daga gare ta.

Na ce, "Maraƙi da saniya ke nan."

Ya ce, "Zama da Fulani ya yi miki rana. Haka ne. Sai dai kada ki nisanta su da juna, in ƙaramar tana wancan gefen gida babbar ba za ta ji ta ba. Ga lambar sirri na sa miki, kada ki cire."

Man shanun Inna ko tasha bai wuce ba, wata mai abinci ta saye shi duka, har tana tambaya ko akwai saura. Na haɗa da abin da na tara na ƙuli-ƙuli, Yaya ya zuba mini data ta wata guda. Ya ce in na yi tattali za ta kai ni, amma kiran bidiyo ci gare shi. Ya ƙara mini da kifin dam a leda in kai wa Inna, na hau mashin na dawo.

Matsalar Zoza, a gefenmu dai, sabis ba ya sauka ƙasa. Kiran murya ma sai ka hau kan turmi. Don haka na samo doguwar gora, na ɗinka 'yar jaka da ƙyallen atamfa, na sa ƙaramar wayar ciki na ɗaure a sama, na shiga zagaya gida da ita a tsaye kamar mai kaɗar mangwaro. Hani tana bina a baya tana tsalle, kaji suna watsewa. In na tsaya sai in sauke in duba, in sake ɗagawa. A gindin darbejiyar ƙofar ɗakina sabis ya kawo, tas, har ya cika. Na waiga, babu wanda ya gani. Na ɗauke gorata na wuce da ita bayan ɗakin Inna, inda shi ma ya kawo, ba laifi, na haƙa rami na kafa ta.

Na leƙa na ce, "Inna, ikon Allah! Duk gidan nan babu inda sabis yake kawowa sai saman ɗakinku. Dole a ƙofarku za mu riƙa kiran."

Ta ce, "Haka ne?"

Na ce, "Haka ne."

Ta ce, "To, Allah mai iko."

Sai kuma lambar sirrin Yaya ta tsaya mini a wuya. Haruffa manya da ƙanana ya cakuɗa da lambobi, na buga na sake bugawa, babbar waya ta ce ba ta san zance ba. Na kira shi bai ɗauka ba. Haushi ya kama ni, na lalubo inda ake cirewa na cire ta gaba ɗaya. Nan take ta kama. Na ce wa zai saci iska a Zoza?

Juma'a ce ranar hutun Baban Hani, muka sa lokacin kira bayan an sauko daga masallaci a nan, su can la'asar ta yi. Juma'ar farko na shimfiɗa tabarma a ƙofar Inna, na jingina babbar waya da kujera 'yar tsugunne, fuskarta tana kallon cikin ɗaki. Ya kira. Fuskarsa ta fito, cike da gilashin. Ya yi baƙi, ya rame, amma shi ne. Hani ta yi ihu ta ce, "Baba ya shiga cikin tire!"

Kafin ya gama sallama, Inna ta miƙe, ta lalubi sandarta, ta ratsa ta gefenmu fuskarta a bango.

Na ce, "Inna, ina za ku?"

"Maraƙin nan bai sha ruwa ba."

Maraƙin da ni da kaina na ba shi ruwa. Na juyo kan mijina, shi ma ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

Na ce, "Kai ma ba za ka kira ta ba? Ba za ka ce Adda tsaya ba?"

Ya ce, "Sa'adiya, ba zan iya ba. Ban taɓa ba."

"Ai shi ke nan. Ku zauna kuna ba za ku iya ba, kai da ita, har idon ya rufe. Wannan fulakon naku ni ya ishe ni!"

Na faɗa, kuma na ji zafin faɗar, don na ga yadda fuskarsa ta yi. Da yamma Inna ta dawo, ta zauna tana tsince wake da yatsu, ba da ido ba. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Yarinyar ta gaida shi?" Na ce ta gaida shi. Ta ce madalla.

A cikin satin na lura samarin unguwa sun sami sabon wurin zama. Jikin katangarmu ta baya, daidai saitin gorar, kullum a cike, kowa da waya a hannu, shiru kamar masu zaman makoki. Na ce ko inuwar ce ta yi musu daɗi. Da yake ba na son sauke wayar kullum sai in za a kai ta caji, hosfot ɗin a kunne yake wuni.

Juma'a ta biyu na yi dabara. Tun da hantsi na kwance maraƙin na bai wa masu kiwo suka tafi da shi daji. Da kira ya shigo Inna ta miƙe, na ce, "Maraƙi ya bi uwarsa, Inna." Ta tsaya jim, sannan ta koma ta zauna a bakin gado, ta ba mu baya, ta jawo faifan wakenta. Na ce alhamdulillahi, yau ko ba a gani ba an zauna.

Baban Hani ya daure ya ce, "Adda, ina wuni."

Ta amsa wa bango, "Lafiya."

Yana cikin tambayar Hani karatun allo sai bakinsa ya tsaya a buɗe. Hoton ya daskare. Na taɓa, na girgiza, ko motsi.

Hani ta ce, "Baba ya ƙi magana."

Na ce, "Sabis ne ya tsaya. Yanzu ba ya jinmu, ba ya ganinmu, hotonsa ne kawai ya maƙale."

Sai na ji motsin wake ya tsaya. Inna ta ce, a hankali, "Ba ya gani?"

"Ba ya gani, Inna."

Wallahi da idona na gani. Ta ajiye faifai, ta juyo, ta karkato da gefen damanta, ta fara matsowa da gwiwa. Saura kaɗan ta iso, gilashin ya yi baƙi, kira ya yanke. Ta tsaya a durƙushe tana kallon duhu, sannan ta koma wajen wakenta.

Na fita da gudu na sauke gorar. Saƙo ne a wayar, wai datata ta ƙare. Data ta wata guda! Man shanun Inna, da ƙulina! Sai a lokacin na ji ihu ta bayan katanga, "Ya ci! Ya ci!" Ko mayafi ban tsaya gyarawa ba na zagaya.

Ga su nan reras, sun haɗa kai a kan wayoyi suna kallon ƙwallo, wasu suna cewa ta tsaya, ta tsaya. Mu'az ɗan gidan Maikuɗi, wanda ya fi su girma, har da gemu, shi ne a tsakiya.

Na ce, "Sannunku da aiki! Sannunku, 'yan ƙwallo! An ci? Wa ya ci? Ni aka ci ai!"

Mu'az ya ce, "Anti, lafiya? Mu fa waifai muka gani a buɗe, mun zaci na gwamnati ne."

"Na gwamnati? Gwamnati ce ta kafa gora a bayan ɗakin Inna Yelwa? Gwamnati ce ta ɗinka jaka da atamfata? Man shanun tsohuwa kuka shanye, ku ji da kyau. Idonta ya kusa rufewa, ɗanta yana wata ƙasa, yau saura ƙiris ta ga fuskarsa, ku kuma kuna nan kuna ya ci!"

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Ni da na fito in ci mutuncinsu, sai ga ni tsaye a gabansu ina share hanci da bakin zani. Kowa ya tura wayarsa aljihu.

Mu'az ya cire hularsa ya ce, "Anti, wallahi ba mu sani ba. Ki yafe mana. Inna Yelwa ai kakarmu ce, babu wanda bai sha nononta kyauta ba a nan."

Kafin magariba sun yi karo-karo, Mu'az ya hau mashin ya je Rogo ya sa aka turo mini data, har ta fi ta farko. Ya kawo gorar da ta fi tawa tsawo, suka kafa ta da kyau suka danne gindin da duwatsu. Ya sa mini sabuwar lambar sirri mai sauƙi, ya buga ta a babbar wayar, sannan ya ce in canja ta bayan ya tafi don shi ma bai yarda da kansa ba. Na canja. Na kira Yaya Ikrima na gaya masa, ya ce, "Na ce kada ki cire." Na ce na ji, ba sai ya maimaita ba.

Satin nan ya yi mini tsawo. Ranar Talata Inna tana juye madara ta zuba a gefen ƙwarya, ta malale a ƙasa, ba ta sani ba sai da ta ji sanyi a ƙafarta. Ranar Laraba na tsaya a gabanta da rana tsaka ta ce, "Wane ne?" Tsoro ya kama ni sosai. Amma na riga na ga abin da na gani: Inna za ta kalli ɗanta, in dai ta tabbata shi ba ya kallonta.

Ranar Alhamis na hau turmi na kira Baban Hani da murya.

Na ce, "Gobe ka nemi wuri mai haske, ka matso da fuskarka. Ka gaida Hani kamar kullum. In ka ji na yi tari, ka daskare."

"In yi me?"

"Ka tsaya cak, kamar sabis ya ɗauke. Kada ka motsa, kada ka ce uffan, ko ƙifta ido ka rage. Komai ka ji, komai ka gani."

Ya ce, "Sa'adiya, yaudarar Adda za mu yi?"

Na ce, "Kai ka san wata hanyar? Faɗa mini in ji."

Bai san wata ba.

Juma'a ta zo. Na ɗiga wa Inna maganinta, na goge gilashin babbar wayar har yana ƙyalli, na ƙure haskenta. Wannan karon cikin ɗakin na shiga da ita, na jingina ta a kan gado, na ce waje rana ta yi yawa. Inna ta juya baya da faifanta. Kira ya shigo, aka gaisa da bango, Hani ta karanta masa Ƙulhuwallahu. Sai na yi tari.

Bawan Allah ya daskare. Ban san ya iya ba.

Na buga cinya na ce, "Kai, wannan sabis! Ya sake tsayawa. Inna, bari in je in duba gorar, ga tukunyata ma tana kamawa. Ku bar ta nan, ba ya ji ba ya gani. Hani, zo mu je."

Na ja yarinyar muka fita, na saki asabari, na ba ta ƙuli na tura ta ɗakina. Ni kuwa na dawo na tsuguna na sa ido a tsagar asabarin.

Inna ta daɗe ba ta motsa ba. Har na fara cewa yau ma an yi asara. Can ta ajiye faifan. Ta shafa gadon da tafin hannu har ta taɓo wayar, ta ɗauke ta da hannu biyu yadda ake ɗaukar jariri, ta kawo ta dab da idonta na dama, hancinta kusan yana taɓa gilashin. Da yake hudar da ta rage mata ƙarama ce, ba ta iya ganin fuskar gaba ɗaya, sai ta riƙa bi kaɗan-kaɗan. Ta fara daga goshi. Ta sauko kan gira ta tsaya.

Ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Tabon yana nan."

Akwai wani ɗan tabo a girarsa ta hagu, ya ce mini yana yaro saniya ta ture shi ya faɗa kan turke.

Inna ta ce, "Ina tsaye a bayan rumbu ranar. Ina ji kana kuka. Turai ce ta ɗauke ka. Ni na daka maganin na aika mata."

Ta gangaro kan idanu, ta bi hanci, ta bi kumatu, ta zo gemu. "Har da furfura," in ji ta. "Yaushe ka yi furfura? Hancin na babanka ne. Ashe kunnuwan nawa ne, ban sani ba."

Daga inda nake ina hango gefen gilashin. Baban Hani yana nan a daskare, ya ƙanƙame baki, amma hawaye ya taru ya gangaro, ya bi kumatunsa ya shige gemu. Na ce shi ke nan, ya tona mu. Hoton da ya tsaya ai ba ya kuka.

Inna ta bi hawayen da idonta har ƙasa. Na jira ta ajiye wayar ta juya bango.

Ba ta ajiye ba. Ta kamo bakin mayafinta, ta goge gilashin daidai kumatunsa, a hankali, ta sake gogewa. Sannan ta ɗaga murya, idonta bai bar kansa ba.

"'Yar Karaye!"

Na ce, "Na'am, Inna," na manta ma wai ina wajen tukunya ne.

"Na san kina nan. Ki gaya wa mutumin naku ya rame. Ya riƙa cin abinci."

Kafin in buɗe baki, murya ta fito daga cikin wayar.

"To, Adda."

Ta ce, "Ki ce masa ya riƙa sa hula in zai shiga rana."

"To, Adda."

"Ki ce masa na yafe masa duniya da lahira, ko da yake bai taɓa yi mini komai ba. Allah ya yi masa albarka."

Wannan karon bai iya amsawa ba, ni ma ban iya isar da saƙon ba. Na zauna a ƙasa a bakin ƙofa na yi kukana mai isata, tuwona kuwa ya ƙone da gaske. Su biyun suna ciki, tana riƙe da shi a gaban idonta har cajin ya mutu.

Idon bai kai azumi ba, yadda likita ya faɗa. Wata safiya ta tambaye ni ko gari bai waye ba, alhali rana ta fito. Ta karɓi abin da haƙurin da ni ba ni da shi.

Bayan nan na ce bari in mayar da gorar gindin darbejiyata, tunda can ya fi kawowa. Ina cikin janye duwatsun Inna ta ji motsi ta leƙo.

Ta ce, "Me kike yi?"

Na ce, "Zan matsar da ita ne, Inna."

"Ba ke kika ce duk gidan nan sai saman ɗakina yake kawowa ba?"

Na saki dutsen da ke hannuna.

Ta ce, "Ranar da kika zagaya da gorar nan ina jin ki, kin daɗe a gindin darbejiya. Bar ta inda take."

Na bar ta. Duk ƙarshen wata ƙwaryar man shanu tana fitowa da faifai a kai, wai saboda yarinya. Ranar Juma'a kuwa, tun kafin a sauko daga masallaci, za ka same ta a bakin gado ta yi wanka ta saka mayafinta mai kyau. Yanzu ba ta juya wa wayar baya. Ta ce tunda ba ta gani, babu sauran abin kunya, shi ya kalla in yana so.